Halin Wa Yaɗ Ɗauko?

Mu a Ƙaura ba mu jiran yaro ya yi wayo kafin mu karanta halinsa. Tun ranar suna, kafin a gama rabon goro, kafin wanzami ya wanke askarsa, magana ta riga ta ƙare. Jariri na hannun gwaggonsa, ya ɗan yamutsa fuska ya dunƙule hannu, sai ka ji ta ce, "Kun gani ko? Wanga zuciya gare shi. Kakanai na wajen uwa yaɗ ɗauko." Wata daga ɗakin mai jego ba za ta bari ta wuce ba: "Haba Yaya, ɗan kwana bakwai ina yas san zuciya? Yunwa shika ji, ku miƙa ma uwatai shi." A yi shewa, a ci gaba da rabon tuwo. Amma fa maganar ta zauna. Ranar da yaron ya kai shekara goma ya fasa wa ɗan maƙwabta baki, gwaggo za ta tuna wa duk unguwa cewa ita ta fara faɗa.

A kuma lura da yadda muke rabon gadon. Fara'a, kyauta, kaifin kai, kullum daga gidanmu suka fito. Rowa, ƙiwuya da baƙar zuciya kuwa, sai a waiga ɗaya ɓangaren. In an duba dangin uwa an duba na uba ba a ga mai irin halin ba, ba mu rasa abin cewa: albasa ce ba ta yi halin ruwa ba.

Kowane yaro yana tarar da rigar da muka ɗinka masa tun bai iso ba. Ɗan fari mun ce yana da wauta da sanyin jiki. Auta sai shagwaɓa. Tanko, da ya zo bayan 'yan mata, ana sa masa ido kada ya tashi da halin mata. Kande, da ta zo bayan maza, ana jiran ranar da za a gan ta bisa katanga. Bakwaini ba shi da haƙuri, tunda ko cikin bai tsaya ya cika ba. Tagwaye ba a ɓata masu rai, Gambo da ke bin bayansu kuwa an ce ya fi su taurin kai. Haka ake faɗa a Ƙaura, haka za ka ji a Zurmi da Moriki da Shinkafi.

Ni dai wautar ɗan fari ban yarda da ita ba. A 2015 wasu masu bincike a Jamus sun duba bayanan mutum fiye da 20,000 daga Jamus da Birtaniya da Amurka, suna neman bambancin hali tsakanin na fari da na tsakiya da auta. Ba su sami wani abin a-zo-a-gani ba. Ɗan abin da suka gani ma shi ne na fari kan ɗan ɗara ƙannensa a gwajin kaifin kai. To tamu wautar daga ina ta fito? A duba yadda muke riƙon ɗan fari. Uwarsa yarinya ce, tana jin kunyarsa, ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa gaban mutane, in ya faɗi sai ta kau da kai ta jira wata ta ɗaga shi. Uban ma haka. Yaron da ya tashi a haka, in ya zama mai ɗari-ɗari gaban iyayensa, ai mu muka koya masa. Sannan ranar da ya zubar da man gyaɗa a hanyar aike sai a ce, "Ai ɗan fari ne." Ƙanensa ya zubar, a ce tsautsayi.

Kada dai a ce na ce gwaggonninmu ba su san komai ba. A babban abu sun yi gaskiya: yara ba su zuwa duniya iri ɗaya. Duk macen da ta goya uku ta san wannan. Wani tun yana tsumma, in ya sha ya ƙoshi sai barci, kowa ya miƙo hannu ya je. Wani ko shimfiɗa aka sauya masa sai ya kwana yana tsala ihu. Wani kuma ba ya kuka ba ya dariya, sai ya ƙare wa baƙo kallo tsaf, bayan kwana biyu ka ga ya saki jiki. Uwa ɗaya, nono ɗaya, zanen goyo ɗaya.

Abin da tsofaffinmu suka sani da goyo, wasu likitoci biyu a birnin Niyok na Amurka, Alexander Thomas da matarsa Stella Chess, sun zauna sun bi shi da alƙalami. Daga 1956 suka fara bin yara fiye da 130 tun suna jarirai har suka girma, suna tambayar iyaye yadda yaro ke barci, yadda yake karɓar sabon abinci, yadda yake yi in ya ga baƙuwar fuska. A wancan zamani a can, duk yaron da ya fito da matsala uwarsa ake ɗora wa laifi. Sai suka tarar kusan 40 cikin 100 masu sauƙin riƙo ne tun asali, kusan 10 masu wuya, kusan 15 masu jinkirin sabo. Sauran, fiye da kashi ɗaya cikin uku, ba su shiga ko ɗaya daga ukun sosai ba. Wannan sauran shi ya fi tsaya mini a rai, domin mu a unguwa ba mu bar wa yaro irin wannan fili. Ko dai kai mai haƙuri ne, ko kai ɗan fitina.

Malamanmu ma suna karanta mana labarin Ashajju na mutanen Abdul Ƙaisi, wanda Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya shaida masa yana da halaye biyu da Allah ke so, danne fushi da rashin garaje. Da ya tambaya ko shi ya koye su ko kuwa da su aka halicce shi, sai aka ce masa da su aka halicce shi. Kuma kowane ɗan Islamiyya ya san Sayyidina Abubakar mai taushin zuciya ne mai saurin hawaye, Sayyidina Umar mai zafi, kuma kowannensu da halinsa ya yi wa addini aiki.

Rikicinmu yana farawa ne wajen abin da muke so yaro ya zama. Garin nan, Ƙaura Namoda, sunan mayaƙi ya ci. Muhammadu Namoda, na Alibawan ƙasar Zurmi, yana cikin jagororin da suka ci Alƙalawa a 1808, kuma a fagen fama ya rasu a Kiyawa, har yau ma Sarkin Kiyawa muke ce wa sarkinmu. Ƙasar nan ce ta fid da Kassu Zurmi, makaɗin 'yan tauri da mafarauta, wanda in ya ɗauki kiɗa maza ke tsuma. Mun tashi muna jin kirarin 'yan dambe da 'yan kokawa in kaka ta yi. Saboda haka ɗa namiji mai zuciya, da baki muke yi masa faɗa, a ciki kuwa daɗi muke ji. Uban zai zo majalisa yana girgiza kai, "Wanga yaro ya ishe ni, ba a taɓa shi," amma ka dubi fuskarsa, murmushi ne.

Mai shan wuya shi ne namiji mai kunya. Yaron da in baƙi sun zo yake laɓewa bayan uwarsa, in an yi tsawa ya zabura, in ana dambe ya tsaya nesa. Sunansa ragon maza, sunansa matsoraci, a gabansa ake cewa ƙanwarsa ta fi shi zuciya. Da dare a tura shi bayan ɗaki ya ɗauko buta wai don a cire masa tsoro. Wannan yana ƙona mini rai. Jerome Kagan na Jami'ar Harvard ya gwada ɗaruruwan jarirai 'yan wata huɗu, ana nuna masu sabon abin wasa ko a sa masu baƙuwar murya. Kusan ɗaya cikin biyar sai su banƙare, su yi ta harba ƙafa suna kuka. Da suka tasa, a cikinsu aka fi samun masu noƙewa gaban baƙo. Jikinsu ne ke saurin ɗaukar firgici tun kafin su san mene ne jarunta, mene ne ragwanci. Kuma da yawansu da suka girma kunyar ta ragu, sun dai zama masu duba gabansu kafin su taka. Gori da tsawa ƙara wa irin wannan yaro tsoro suke yi. Ɓoye shi a ɗaki don tausayi ma ba ya taimakonsa. A kama hannunsa a je tare: yau zaure, gobe ƙofar gida, jibi shagon bakin layi, wata rana shi da kansa zai karɓi kuɗin ya tafi.

Wajen 'ya mace kuma sai ma'aunin ya juye. Mai shiru ita ce 'yar albarka, "kamar ba ta gidan". Mai baki, mai yawan tambaya, mai kallon mutum ido cikin ido, ita ce fitsararriya, har a fara tausaya wa mijin da ba a ma san shi ba. To amma a duba matan da ke juya kuɗi daga cikin ɗaki, masu man gyaɗa da ƙuli-ƙuli da uwayen adashi. A duba wadda ake turawa ta karɓo bashin da ya gagara, ko wadda ke tsayawa gaban ma'aikacin asibiti ta yi bayani tiryan-tiryan in yaro ba lafiya. Mai bakin nan ce. Garin nan ma da masu iya magana da baƙo ya ginu. Tun da jirgin ƙasa ya iso a 1929, Ƙaura ta zama ƙarshen layin dogon da ya taso daga Legas, gyaɗa da auduga suka riƙa sauka tasha, dillalai da fatake da 'yan kamasho suka sami abin yi. Kasuwar Shinkafi ranar Alhamis ba wurin mai nauyin baki ba ce. Tun 1983 kuma ga kwalejin fasaha, wato Poli, a nan cikin gari, inda ɗalibi, mace ko namiji, sai ya miƙe gaban malamai ya kare aikinsa kafin a sallame shi.

Thomas da Chess sun ce abin da ya fi ƙayyade yadda yaro zai kasance shi ne dacewar halinsa da gidan da ya faɗo. Yaro mai ƙiriniya a gidan da ke da gona da awaki da fili da aike iri-iri, kowa shi yake kira, ɗan albarka ne. Shi ɗin dai ka sa shi a ɗakin haya ɗaya, tsakar gida ta mutum goma, maƙwabta na ƙorafi, ya zama fitinanne, kullum bulala.

Mu muka ce hali zanen dutse, mu kuma muka ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ta farkon mukan jawo ta in mun gaji da yaro, ta biyun in muna riƙe da tsumagiya. Imamu Gazali a cikin littafinsa Ihya'u ya ba masu cewa hali ba ya sauyawa amsa, ya ce da haka ne da wa'azi da nasiha sun zama aikin banza. Ya kuma bayyana cewa ba a neman a tumɓuke fushi daga zuciyar mutum, daidaita shi ake yi har ya bi hankali da shari'a. Masu binciken tagwaye na zamani su ma inda suka tsaya ke nan: gado na da rabonsa a hali, wajen rabi ko ƙasa da haka, sauran na abin da mutum ya tarar ne a rayuwa. Wani Bature da ya daɗe a Arewa, Anthony Kirk-Greene, ya wallafa ɗan littafi a 1974 kan wanda Hausawa ke kira mutumin kirki, ya lissafo abu goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Duk goman koyonsu ake yi, kuma mai zafi da mai sanyi kowa na iya kaiwa gare su, hanyar ce ta bambanta. Mun sha ganin mai sanyin murya ya ci amanar marayu, mun ga mai faɗa da kowa wanda ba ya taɓa kwabon wani. A wurina haƙurin da mai zafin rai ya yi, ya haɗiye maganar da ta zo masa har baki, ya fi tsada, kuma ya kamata a yaba masa a gabansa, ya ji da kunnensa.

Yanzu ga wadda ta sa na ɗauko zancen gaba ɗaya. Akwai yabon da muke yi wa jariri wanda ke tsorata ni: "Yaron ga haƙuri gare shi, ko kuka ba ya yi. Inda kika aje shi nan za ki iske shi."

A 1974 wani likita, Marten deVries, ya je wajen Masai, makiyayan kudancin Kenya, ya duba halin jariransu, ya ware goma mafi sauƙin riƙo da goma mafi rigima. Bayan wasu watanni ya koma ya tarar fari ya tsananta, shanu sun mutu, mutane sun watse. Yara 13 kawai ya iya ganowa daga cikin 20 ɗin. Cikin masu sauƙin riƙo bakwai da ya gano, biyar sun rasu. Cikin masu rigima shida, ɗaya ne ya rasu. Adadin kaɗan ne, ba a gina hukunci a kansa shi kaɗai, amma dalilin da ya kawo kowace uwa za ta gane shi: in abinci ya yi ƙaranci, hannun uwa ya yi yawan aiki, mai ihu shi ake fara sa wa nono. Mun ce ɗan kuka shi ke jawo wa uwarsa jifa. A shekarar yunwa kukan nan ne ke jawo masa abin da zai rayu.

Ba labarin nesa nake ba ku ba. A watan Yunin 2024 ƙungiyar likitocin nan ta MSF tare da ma'aikatar lafiya ta jiha sun auna yara 'yan ƙasa da shekara biyar fiye da 97,000 a ƙananan hukumomin Shinkafi da Zurmi. Sun tarar 27 cikin 100 na fama da tamowa, wato fiye da ɗaya cikin kowane huɗu, biyar cikin 100 kuma tasu ta yi tsanani. Ita kuwa tamowa, tun kafin ƙasusuwa su bayyana, wasa take fara ɗauke wa yaro. Ya daina rarrafe zuwa ƙofa, kukansa ya koma siriri, ya zauna inda aka ajiye shi yana kallon wuri ɗaya, a miƙa masa abinci ya kau da kai. Mu kuma mu wuce muna cewa ya yi hankali.

Bambancin ba shi da wuyar ganewa in an tsaya an duba. Mai sanyin hali na asali yana ci, yana ƙara nauyi, idonsa na bin mutane, in ya saba da ke zai yi miki dariya har da ƙyaƙyatawa. Wanda a da ya hana kowa sakat, sannan ya yi laushi cikin 'yan makonni, wannan ba girma ya zo masa ba, a kai shi a duba. Ƙafa ta kumbura, gashi ya yi ja ya yi laushi, wannan ma kada a kwana da shi. Ɗan tsinken awon nan mai launi uku da ake naɗa wa yaro a damtse, daga wata shida zuwa shekara biyar, in ya nuna ja, wato ƙasa da santimita 11.5, maganar asibiti ce ranar nan. Ko a gida ma akwai abin gyarawa. Mun saba haɗa yara kwano ɗaya don su so juna, kuma al'ada ce mai kyau, amma a kwano ɗaya mai zafin nama ya yi loma uku kafin mai sanyi ya yi ɗaya, shi kuma ba zai kai ƙara ba, janye hannu zai yi. A zuba wa ƙaramin nasa daban, a zauna kusa da shi har ya cinye.

Akwai kuma wani shirun da shekarun nan suka kawo mana. Yaran da aka kwaso daga ƙauyuka saboda 'yan bindiga, suna zaune gidajen dangi da kangaye a Ƙaura da Zurmi da Shinkafi, wasunsu sun ga abin da babba ma bai iya ɗauka. Wani ya daina magana. Wani da ya daɗe da barin fitsarin kwance ya koma yi. Wani ƙarar babur kawai zai ji ya shige ƙarƙashin gado. Wata yarinya da aka sani da sanyi ta koma cizo da duka. Mukan ce ya sake hali, ko mu ce iska ce ta taɓa shi. A yi addu'a, a yi tofi, ba wanda ya hana. Amma a san cewa tsoro ne ya zauna masa a jiki, kuma dukan da za a yi masa kan fitsarin kwance ƙara zaunar da shi zai yi. Irin wannan yaro yana bukatar fuska ɗaya da zai riƙa gani safe da yamma, lokacin cin abinci da na barci da ba ya sauyawa, da sauran yara da za su ja shi langa ko 'yar carafke. In ya fara ba da labarin abin da ya gani a saurare shi, in bai fara ba kada a matsa masa. In abin ya daɗe bai sassauta ba, a gaya wa ma'aikatan lafiya.

Tsofaffinmu na da dabarar da na fi girmamawa a duk wannan sha'ani. In suka ga uwa da ɗa kullum faɗa, ita mai zafi shi mai taurin kai, ba su tsaya neman mai laifi ba. Sai kaka ta ce, "Jininku bai gamu ba. Ku ba ni shi nan, ya yi mani aike." Ko a kai shi wajen gwaggo mai sanyin rai, ko kawu mai sana'ar da ke cin ƙarfi. Ba kowane riƙo ne ya yi kyau ba, mun san waɗanda suka sha wuya a hannun masu riƙonsu. Amma da yawa daga cikin dattawan da muke girmamawa yau a ɗakin kaka aka gyara su, wajen wadda ke kiran jikanta mijinta, ta yi masa tsiya ya rama, ta ɓoye masa ɗan ƙanzo, ta bar shi ya yi surutunsa har ya gaji. Yanzu da yawa daga gidajen kakannin nan na ƙauye an rufe su, kakar da jikokin da uwar duk suna ɗaki ɗaya a cikin gari, kowa ransa a wuya. Wadda ke da sauran wuri a ɗakinta da sauran ƙarfi a bayanta, ta leƙa gidan da aka sauke baƙi a layinsu ta tambaya wane yaro ne ya fi ƙarfin uwarsa, ko da wuni ne ya riƙa yi a wurinta ya koma da magariba.